Bayan Baƙi da Wasali, Me Yaran Urafan Za Su Karanta?

A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka fito da sabon kundin tafiyar da ƙasa, wanda ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. An yi ta kai-komo a kan maganar a gidajen rediyo da majalisun shayi, wasu na murna, wasu na ganin an fifita harshe guda a kan 'yan'uwansa. Wannan duk gardamar manya ce. Tambayar da ta shafi yara gajeriya ce, kuma har yanzu tana jiran amsa: idan yarinya 'yar shekara bakwai a Urafan ta koyi haɗa baƙi da wasali, ta gane cewa k da a su ne ke ba da ka, wane littafi za a miƙa mata washegari ta gwada abin da ta koya?

Urafan ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Tasawa, cikin jihar Maraɗi, arewa da garin Tasawa, ba nisa da ƙasar Mayahi. Mafi yawan mutanenta manoman hatsi da wake ne, ga Fulani da Buzaye masu kiwo a tsakaninsu. A ƙidayar 2012 jihar Maraɗi ce ta biyu a yawan jama'a, bayan Damagaram, da mutum wajen miliyan 3.4, kuma kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ke nan wanda ya yi maganar littafin yara a nan, maganar rabin gari yake yi. Gwajin PASEC, wanda ƙasashen Afirka masu karatu da Faransanci ke yi wa ɗalibansu, ya nuna a 2014 cewa cikin yara goma da ke gama firamare a Nijar da ƙyar ake samun ɗaya mai karatu yana fahimta yadda ya kamata. A 2019 abin ya ɗan gyaru, ya kai wajen uku cikin goma. Sauran bakwai ɗin sun yi shekara shida suna zuwa lakwal, sun fito takarda na ba su tsoro.

Dalilan kowa ya san su: ƙarancin malamai masu horo, yajin aiki, cunkoso a aji, yunwa, da koyarwa cikin harshen da yaro bai taɓa ji a gidansu ba. Akwai guda da ba a cika ambata ba saboda ana raina shi, wato rashin abin karantawa.

In aka ce littafin yara, abu uku ake cakuɗawa. Akwai littafin koyon karatu, wanda malam ke bi shafi-shafi, yau harafin m, gobe harafin d. Akwai wanda babba ke karanta wa yaro, mai dogon labari da kalmomin da suka fi ƙarfin mai koyo, yaro na saurare yana kallon zane. Sai na uku, ɗan ƙaramin littafi mai shafi takwas ko goma sha biyu, kowane shafi da babban zane da layi ɗaya ko biyu na rubutu, wanda yaro zai karanta da kansa daga bango zuwa bango. Gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji sun fi zuba kuɗi a kan na farko, don shi ne ke da sauƙin ƙirgawa a rahoto. Na ukun shi ne ya yi ƙaranci, kuma a ganina shi ke raba yaron da ya san haruffa da yaron da ya iya karatu. A koya wa yaro haruffa a bar shi hannu sake, tamkar a koya masa riƙon hauya ne a tsakar gida, damina ta sauka a ce masa babu gona.

Bari mu tsaya a kan shafi guda mu ga aikin da zane ke yi. A ce an zana akuya a gindin rumbu, ta tura kai cikin ƙwarya. A ƙasa an rubuta: "Akuya ta sha furar Kaka." Kalma biyar ke nan. Yarinya za ta ɗora yatsa ta bi: a-ku-ya, ta, sha. Kafin ta kai ƙarshen layi ta gaji, domin karatun farko aiki ne mai nauyi. Hankali duk yana kan haɗa sauti, ma'ana kuwa tana zillewa. Sai ta ɗaga ido ta ga akuyar, ta tabbatar abin da bakinta ya faɗa shi ne a takardar. Gwanin zane ba ya tsayawa nan. A can gefen shafi, ta saman darni, ya saka wani hannu riƙe da muciya. Rubutun bai ambaci hannun ba. Yarinya ta gan shi, akuya ba ta gani ba, kuma wannan sirri da ke tsakaninta da mai zane shi zai sa ta juya shafi ba tare da kowa ya ce ta juya ba. Gobe kuma za ta kira ƙaninta ta nuna masa hannun, ta karanta masa layin da ƙarfi, wannan karon ba gargada.

Ga mai koyon Hausa, zane na da wani aiki na daban. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya. Garin tuwo da garin zama rubutunsu ɗaya, haka farin launi da farin da ke hana ruwan sama. Babba na bambance su ta jimla, bai ma san ya yi ba. Mai tafiya gaɓa-gaɓa bai kai ga riƙe jimla a kai ba tukuna, zanen ne ke faɗa masa wanne ake nufi. In aka cire wannan, Hausa na cikin harsuna masu sauƙin koyon karatu: kusan kowane harafi sautinsa guda ne, gaɓoɓi kuma gajeru. Yaron da ke fama da o da au da eau na Faransanci, rubutu uku sauti ɗaya, a harshen da ba ya ji, zai iya karanta gajeren labarin Hausa tun cikin shekararsa ta farko in an bi da shi a tsare.

Sai dai zane na da nasa haɗarin, kuma duk wanda ya riƙe ajin CI, wato ajin farko na firamare, ya san shi. Yaranmu gwanayen hadda ne, makarantar allo ta horar da kunnensu tun kafin su taka lakwal. A karanta wa aji shafi sau uku, a na huɗu yaro zai miƙe ya zubo shi tas, yatsa na tafiya a kan layi, alhali idonsa na kan hoto. Rufe hoton da tafin hannu ka nuna masa kalma daga tsakiya, sai ya yi tsuru-tsuru. A Amurka da Ingila an yi shekaru ana jayayya a kan wannan, domin wasu hanyoyin koyarwa sun riƙa ce wa yaro ya dubi hoto ya canki kalma, aka wayi gari yara da yawa sun ƙware a canka, karatun kuwa babu. Yanzu an koma ga koyar da sautin haruffa bi da bi. Maganin abin shi ne a rubuta littafin da haruffan da yaro ya riga ya koya, yadda ba zai buƙaci canka ba, sannan a yawaita littattafan. Littafi ɗaya ana haddace shi cikin mako. Arba'in ba sa haddatuwa, dole a karanta su. Shi ya sa in aka ba ni zaɓi tsakanin littafi guda mai sheƙi da launi, da ƙanana arba'in masu baƙin zane a takarda mai araha, ba zan yi dogon tunani ba.

Ba yau aka fara neman bakin zaren ba. Tsofaffin da suka yi lakwal zamanin Faransa suna tuna Mamadou et Bineta na André Davesne, wanda ya zagaye makarantun Afirka ta Yamma tun shekarun 1930. A yi masa adalci, yaran da ke cikinsa 'yan Afirka ne, a ƙauye suke. Amma da Faransanci suke magana, kuma ɗalibin da ya kuskura ya yi Hausa a harabar makaranta sai a rataya masa sambol, alamar horo. A ɗaya gefen iyaka Turawan Ingila sun bi wata hanya. Hukumar Fassara, wadda ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East, ta fito da Ruwan Bagaja a 1934 da Magana Jari Ce daga 1937, duka na Abubakar Imam. Aka kuma sami jerin Ka Koyi Karatu, Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, waɗanda masu shirya su suka fahimci cewa karatu hawa-hawa ne. Ga Bala da Babiya na Nuhu Bamalli, ga Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Ahmadu Ingawa, ga littattafai shida na Tatsuniyoyi da Wasanni da Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar a farkon shekarun 1970. Gado ne mai daraja, amma in an duba da kyau mafi yawansa na yaron da ya riga ya iya karatu ne. Magana Jari Ce, duk da zane-zanen da ke cikinsa, ya fi ƙarfin ɗan aji ɗaya.

Nijar ma ba ta naɗe hannu ba. Bayan taron Bamako na 1966 da UNESCO ta kira don daidaita rubutun harsunan yankin, an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Cibiyar INDRAP da ke Yamai ta rubuta littattafan aji da harsunan gida. Dokar ilimi ta 1998 ta amince a koyar da harsunan ƙasa tare da Faransanci, wata doka ta 2001 kuma ta lissafa harsuna goma. Daga ƙarshen shekarun 1990 wani shiri na haɗin gwiwa da hukumar GTZ ta Jamus ya buga littattafan karatu da dama da sunan gidan ɗab'i na Albasa, gidan ɗab'i na Gashingo a Yamai kuma ya ɗauki aikin buga na yara da harsunan gida. Binciken da aka yi wa makarantun gwajin ya nuna ɗalibansu sun fi takwarorinsu iya karatu, musamman a azuzuwan farko, amma suka shafe fiye da shekara talatin ana ce musu "na gwaji". Boubou Hama ya rubuta wa yara labarai masu daɗi daga tatsuniyoyin ƙasar, sai dai da Faransanci, kuma a Faris aka buga yawancinsu.

Daga baya shirye-shiryen agaji suka shigo da ƙarfinsu. A Nijar an yi NECS, wanda ƙungiyar Plan ta gudanar da kuɗin USAID, ya koyar da karatun farko da harsunan gida. A Sakkwato da Bauchi an yi Mu Karanta, a Katsina da Zamfara an yi RANA. An yi aiki mai kyau a cikinsu, an horar da malamai, an buga littattafai. Amma kowane shiri na da ranar rufewa, littafin yara kuwa shekara biyu ko uku yake yi a hannu ya mutu, kuma in ba a sake bugawa ba, 'yan ajin da ke biye sun koma gidan jiya. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe USAID, a shekarar kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda ke ɗauke da shirin ELAN na koyarwa da harsuna biyu. Duk ra'ayin da mutum ke da shi a kan waɗannan matakai, abu ɗaya ya fito fili: mai jiran littafin yaran Urafan ya zo daga waje zai daɗe yana jira.

Ko littafin ya iso ma, sai ya ci karo da akwatin darakta. Azuzuwa da yawa a karkarar Maraɗi rumfunan kara da zana ne, ana kafa su bayan girbi, iskar farkon damina ta kwashe su. Gobarar da ta ci yara fiye da ashirin a wata makaranta a birnin Maraɗi a watan Nuwamba na 2021 ta tuna wa kowa irin ajin da ake magana a kai. A irin wannan wuri babu inda za a ajiye takarda: gara na jira a ƙasa, akuya na jira a waje. Sai darakta ya jera littattafan a akwatin ƙarfe, ya kai ɗakin kwanansa, ya danna kwaɗo. Ban ga laifinsa sosai ba. Ya sa hannu a takarda cewa ya karɓi littafi kaza, kuma ya san ranar da sufeto ya zo ƙirgawa za a yi. Wanda ya ɓata ko ya yage, shi za a tambaya. A buɗe akwatin bayan shekara uku a tarar da littattafai sababbi fil, wasu ma ba a kwance igiyar da aka ɗaure su da ita ba, yaran da aka kawo dominsu kuwa sun kai CE2, aji na huɗu.

Akwai kuma abin da iyaye ke faɗa, wanda bai kamata a yi masa dariya ba. "Mushe, Hausa ai da ita aka haife shi. Na kawo maka shi ne ya koyi abin da ban iya ba." Uban da ya faɗi haka ya duba ne ya ga takardar asibiti da ta shari'a da ta neman aiki duk ba da Hausa ake rubuta su ba. Amsar da ta dace da shi ita ce karatu sau ɗaya ake koyonsa. Yaron da ya gane yadda alama a takarda ke zama magana, a harshen da yake ji, da wannan sanin zai shiga Faransanci ko Ingilishi. Amma babu bayanin da zai gamsar da uba kamar daren da ɗiyarsa ta zauna a tabarma, da fitilar hannu, ta karanta masa labari daga farko har ƙarshe, ya ji ya gane, har ya yi dariya. Hakan kuwa ba ya faruwa sai an bar littafin ya kwana a gida. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana da rabo a ciki, domin tana iya bin zanen ta tambayi yaro, "To wannan kuma me ya same shi?"

Wasu iyayen hoton ne damuwarsu. Malamai sun yi saɓani a kan zanen abu mai rai, kuma raba wannan gardama ba aikina ba ne. Abin da aka sani shi ne da yawa daga cikinsu sun yi rangwame a kan abin wasan yara da abin koyarwa, suna kafa hujja da 'yan tsanar da Nana A'isha ta yi wasa da su a gidan Manzon Allah (SAW). Mai hankali zai kai littafin wurin liman da malaman allo su duba kafin ya shiga aji, ya kuma kula da suturar mutanen da ya zana. Littafin da aka soka a masallaci ranar Juma'a, aikinsa ya ƙare a wannan ƙauye.

Ƙorafina mafi girma yana kan abin da ake rubutawa. Yawancin littattafan da ƙungiyoyi ke kawowa wa'azi ne aka sa wa rigar labari: a wanke hannu, a kwana cikin gidan sauro, kada a yi wa yarinya auren wuri. Duk gaskiya ne, duk ana buƙata. Amma yaro na shinshino wa'azi tun daga shafi na biyu, kuma ba ya komawa kansa don jin daɗi. Alhali a gidajen Urafan akwai kakannin da ke riƙe yara da gatana har barci ya sace su, ba da hoto ko ɗaya ba. Gizo da Ƙoƙi, kura mai kwaɗayi da wauta, dila malamin daji, Dodo, Botorami, duk an gwada su a kan yara tun kaka da kakanni, ba su taɓa faɗuwa ba. Gizo maƙaryaci ne, mahandami, kuma don haka ne ma yara ke son sa. Duk marubucin da ya shiryar da Gizo ya mai da shi mutumin kirki, ya kashe littafinsa da hannunsa. Ginin tatsuniya kansa ya dace da mai koyo. Ana zuwa wurin wannan a faɗi magana, a je wurin wancan a maimaita ta, a je wurin na uku a sake, da 'yar waƙa a tsakani. Kalmar da yaro ya sha wuya a kanta a shafi na biyu, in ya sake gamuwa da ita a na huɗu zai wuce ta da gudu, a na shida kuma har ya fara jin shi ma gwani ne.

Tatsuniya kaɗai ba za ta isa ba. Yara na son sanin yadda abubuwa suke: yadda ake gina rijiya, abin da ke cikin injin niƙa, inda shamuwa ke tafiya in damina ta wuce. Shamuwar da ke sheƙa a itacen tsakar gari tana ƙetara rabin Afirka zuwa kudancin nahiyar ta dawo, kuma wannan labarin shafi takwas ne da ba a rubuta ba tukuna. Zanen kuma ya zama na wanda ya san wurin: rumbu irin na ƙasar, amalanke da jaki, gawo da aduwa da kalgo, guga a bakin rijiya. Yara ba sa yafe kuskure. A zana mace tana daka ta riƙe taɓarya ba daidai ba, aji duka zai fashe da dariya. Ban ce a tsare su a ƙauye ba. Yaron Urafan na da haƙƙin ganin teku da jirgin ƙasa da dusar ƙanƙara a littafi. A dai bari ya fara ganin gidansu.

Sai batun wace Hausa. Yaro a ƙasar Tasawa "tahi" yake cewa, da "ɗiya", da "mi". Littafin da aka buga a Kano ko Zariya "tafi" ya rubuta, da "'ya", da "me". Ƙa'idar rubutu ta Nijar ta 1999 tana sa ƴ inda Najeriya ke sa 'y. Ga kuma rubutun Faransa da ke kewaye da yaro: a allon bakin hanya sunan garinsu Ourafane ne, na gundumarsu Tessaoua, saƙon waya kuma cike yake da ou da tch. Wannan bambanci bai kai girman da ake ba shi ba. A littattafan farko marubuci na iya zaɓen kalmomin da kowa ya yi tarayya a kai, irin su ruwa da gida da akuya da kaka, malam kuma kada ya hukunta yaron da ya ga "tafi" ya furta yadda uwarsa ke furtawa, domin hakan ma shaida ce cewa ya gane. Abin da ba za a yi sassauci a kansa ba shi ne haruffa masu lanƙwasa. Littafin mai koyo da ya rubuta k a wurin ƙ, ko d a wurin ɗ, ya ɓata aikin malam na wata guda. Uzurin rashin haruffa a kwamfuta ya ƙare, tunda akwai salon rubutu irin Andika na ƙungiyar SIL, wanda aka yi shi don masu koyon karatu, kuma kyauta ake samunsa. Kada kuma a manta da ɗan Fulani da ɗan Buzu da ke zaune a aji ɗaya: zanen ɗaya ne, layin ƙasa kawai za a sauya zuwa Fulatanci ko Buzanci.

Kuɗi fa? Littafi mai launi a takarda mai sheƙi, in kaɗan aka buga, farashinsa jikkuna ne, kuma manomin da rumbunsa ya yi ƙasa a watan Agusta ba zai saya ba. Takarda daga waje ake kawo ta, kuma tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 hanyar kaya ta ƙara tsawo. Amma Kano ta riga ta nuna wata hanya. Tun shekarun 1980 marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu, da waɗanda suka biyo kamar Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, suka riƙa fitar da littattafai a takarda mai araha, ana sayarwa a kasuwa, ana ba da haya, har suka ƙetaro Maraɗi da Damagaram. Babu wata hukumar waje da ta ɗauki nauyinsu. Sun tabbatar Bahaushe na sayen littafi in yana da daɗi yana da arha. Abin takaici, wannan kasuwa ta tsallake ɗan shekara shida. Kuma kasuwa ɗaya ce daga Tasawa har Zariya. Wanda ya buga don ɓangarorin biyu, yawan kwafi zai karya masa farashi.

A matakin ƙauye ma abin bai fi ƙarfin mutane ba. Farar takarda biyu a ninke biyu, shafi takwas ke nan. Uku, goma sha biyu. A ɗinke tsakiya da allura da zare. In zanen baƙi ne babu launi, duk shagon da ke da injin kwafin takarda a Tasawa zai iya fitar da shi, yara kuma su shafa launi da kansu. A intanet akwai rumbunan labaran yara da aka yarda kowa ya sauke, ya fassara, ya buga ba tare da biyan ko dala ba: African Storybook na cibiyar Saide a Afirka ta Kudu, StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, da Bloom na SIL, kuma akwai na Hausa a cikinsu. Wasu fassarar tasu a sandare take, ana jin Ingilishi a ƙarƙashinta, sai malami mai kunne ya zauna ya gyara. Masu cewa waya ta maye gurbin littafi kuma su tuna wayar ta uba ce, da ita yake tafiya cin rani, cajinta ma kuɗi ne. Babban amfaninta a nan shi ne ta ɗauko labarin ta kai shi wurin mai buga takarda.

Masu zane ma muna da su, ba mu dai taɓa kiransu wannan aiki ba: masu rubuta allunan shaguna, masu zanen bayan manyan motoci, masu zayyanar allon sauka, matan da ke zanen ƙwarya. A Afirka ta Kudu ƙungiyar Book Dash tun 2014 take haɗa marubuci da mai zane da mai tsara shafi a ɗaki ɗaya, su gama littafi cikin sa'a goma sha biyu, su sake shi kyauta. Ban ga abin da zai hana Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da makarantar horar da malamai ta Maraɗi su yi irin wannan zama sau ɗaya a shekara ba, da sharaɗin a biya mai zane haƙƙinsa, a kuma gwada kowane littafi a gaban yara kafin a buga.

Makarantun Nijar na rufewa a ƙarshen Yuni, ba sa buɗewa sai Oktoba. A wannan tsakani ɗan CI da ya fara haɗa gaɓoɓi yana gona ko kiwo, ba ya ganin rubutu, kuma da yawa kan dawo sun manta rabin abin da suka koya. Kira na ga kwamitocin iyaye da masu riƙe da ƙananan hukumomi a Tasawa da Mayahi shi ne su ware ɗan abin da zai sa kowane yaro ya tafi hutun damina da ƙananan littattafai huɗu ko biyar a aljihu, su yi musaya da 'yan'uwansu in sun gama. Sufetocin ilimi kuma, in sun zo rangadi, su tambayi darakta littafi nawa aka ara aka kai gida, su rubuta masa a takarda cewa wanda ya yage a hannun yaro ba za a bi shi bashinsa ba.